Neman bayani a kusa da tashar nukiliya a Faransa

Ɗan Damagaram: 'Yan'uwa mazauna kusa da tashoshin nukiliya a nan Faransa, a tattaro mana hanyoyin neman bayani da suka yi aiki, da inda ake yawan tuntuɓe.

Maman Hadiza: Malam, ƙofar farko CLI ce, kwamitin bayani na yanki. Dokar 2006 ta wajabta shi ga kowace tasha, ta 2015 kuma ta ce sai ya kira taron jama'a aƙalla sau ɗaya a shekara. Kada ka jira ranar taron. Aika tambayarka a rubuce tun da wuri ta hannun wakilin ƙungiyar muhalli da ke cikin kwamitin. Wadda aka jefa a zaure amsar baki take samu, ta wuce.

Injiniya: Gaskiya ne, Hajiya. Bayan kowane bincike, hukumar sa ido (ASNR, tun Janairun 2025 da aka haɗe ASN da IRSN) tana sa wasiƙar da ta aika wa tashar a intanet. Amsar tashar fa ba ta fitowa da kanta, sai ka nema. Rubuta wa masu tashar, ka sa lambar wasiƙar da kwananta. Wata ɗaya doka ta ba su, biyu idan takardun na da yawa. In sun ƙi ko sun yi shiru, ka kai kuka CADA, hukumar da ke duba ƙorafin waɗanda aka hana takardu, cikin wata biyu. Abin da ke kashe buƙata shi ne ta yi faɗi da yawa: wanda ya ce a ba shi komai game da tsaro, wasiƙar ƙi zai karɓa. Za ka kuma tarar an shafe wasu layuka da sunan tsaro.

Idan matsala ta auku a tasha, matakin INES, ma'aunin girman haɗarin nukiliya daga 0 zuwa 7, tashar ce ke ba da shawara, hukuma ta yanke. A sake dubawa bayan makonni, don akan ɗaga shi.

Yaya Maryama: Kar a manta ƙwayoyin aidin da ake sha idan haɗarin nukiliya ya auku. Duk wanda ke cikin kilomita 20 kyauta yake karɓa a kantin magani. Ƙwaya ɗaya miligiram 65 ce: babba biyu, yaro mai shekara 3 zuwa 12 ɗaya, daga wata ɗaya zuwa shekara 3 rabi, jinjiri kwata. Ba a sha sai firefe, wakilin gwamnati a yankin, ya ba da umarni, kuma ƙullun wuyan nan da maƙoƙo ke kamawa kaɗai take karewa. Sababbin 'yan haya ne ke yawan rasa ta, don Allah a sanar da su.

Injiniya: CLI na da ikon sa ɗakin gwaji mai zaman kansa, irin CRIIRAD ko ACRO, ya auna ruwa da ciyawa. Kuɗin kwamitin kaɗan ne, sai a shigar da buƙatar kafin su tsara kasafin shekara.