Neman kalma: mi za mu kira "botilnek" da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa masu aikin kwamfuta. Ina koya ma wasu yara a nan Sakkwato yadda ake kwashe manyan fayil daga saba (kwamfutar da ka aje ma wasu bayanai) zuwa saba cikin gida ɗaya, ba ta intanet ba, kuma kullum sai na cije a kalma guda, botilnek. Wato wurin da ya fi kowa rashin gudu a hanya, wanda shi ka yanke ma duk sauran iyakar saurinsu. Don Allah kar wanda ya ce man wuyan kwalba, na gwada, yaran sun yi ta kallona kamar na tambaye su kuɗin lemu.

Ga abin da nike nufi don a gane. Saba biyu, kowace katinta na sadarwa gigabit, wato megabit 1000 a daƙiƙa, in an raba da 8 ya zama megabayit 125, a aikace kuma wajen 110 za ka gani. Amma in waya ɗaya ta tsinke cikin wayoyi takwas na kebul ɗin Cat5e ko kuma wanda ya matse kan bai matse da kyau ba, sau da yawa sai katin ya sauka megabit 100 shiru babu sallama, don gigabit na son duka takwas ɗin, 100 kuma huɗu sun ishe ta. Sai ka ga gigabayit 500 da ya kamata ta wuce cikin awa ɗaya da 'yan mintuna ta kwana tana tafiya, sama da awa 12. Sabobin lafiya lau, kebul guda ya riƙe su. To wanga abu mi sunanshi?

Na riga na tambayi wasu, ga kalmomin da sunka ba ni. Wani ɗan uwa daga Mabera ya kawo kalmar cikas. Malam na gode, amma cikas ya yi faɗi, ɗauke wutar NEPA ma cikas ne. Matsi kuma da anka kawo, ko ina ka faɗe shi hankalin mutane na tafiya ga tsadar abinci.

Ƙanena wanda ya ce mashaƙa, wallahi ka yi tunani, ginin kalmar daidai yake da mashiga da mafita da mahaɗa, wurin da abu ka shaƙewa. Na so ta ƙwarai. Matsalar a rubuce ba ka bambanta ta da masu shaƙe-shaƙe, kuma ba na son yaro ya je gida ya ce ma mahaifiyarshi yau mun yini muna neman mashaƙa.

Maƙura da Hajiya ta kawo ba za mu yar da ita ba, sai dai wurinta daban. Ita ce iyakar da hanya ka iya ɗauka, kamar 125 ɗin nan. In ka kai 110 ko fiye a gigabit to ka kusa maƙura, ka daina wahal da kanka, sai dai ka sayi kati da suwici (akwatin da kebul ɗin kwamfutoci ka haɗuwa) na gigabit 10.

Wadda ta zauna man a rai ita ce ta Baba da ya ce tarnaƙi. Ranka ya daɗe ka gama magana. Duk wanda ya taso inda ake kiwo ya san shi, igiyar da ake ɗaure ma jaki ko doki ƙafafu, ƙarfinshi na nan, yana tafiya, amma ba ya wuce takun da igiya ta ba shi. Kuma abin da ya fi burge ni kalmar ta zo da aikatau nata, ana sa tarnaƙi ana kwance shi, ba sai mun ƙirƙiro komai ba. Ku ji yadda ta shiga baki: ka fara gwada hanya da iperf3, manhajar auna gudun hanya, in ta ba ka kusan megabit 940 to ba kebul ne tarnaƙi ba, koma ga faifan ajiya. Faifai mai juyawa in ya samu dubban ƙananan fayil gudunshi zubewa yake, sai ka dunƙule su da manhajar tar su tafi a haɗe. In scp, manhajar kwashe fayil, ce ta cinye ƙarfin furosesa wajen ɓoye bayanai a tsohuwar na'ura, nan ma tarnaƙi ne. Matse fayil kafin aikawa na taimako ga rubutu, amma bidiyo da hoto an riga an matse su, ƙara ma kanka igiya kawai za ka yi.

Wani ya ce ai tarnaƙi da gangan ake sa shi, botilnek kuwa ba da gangan ba. Haka ne yallaɓai, amma mun daɗe muna cewa abu kaza ya zame ma aiki tarnaƙi ba tare da wani ya ɗaura ba.

Ni dai daga gobe haka zan koyar, maƙura ga iyakar hanya, tarnaƙi ga abin da ya hana a kai ta. Saura jambo firem, inda ake ƙara girman ƙunshin bayanan da ake aikawa daga bayit 1500 zuwa 9000, wanda in suwici ɗaya bai yarda ba komai ya rikice. Ina tunanin babban ƙunshi, mai wata ya kawo.