Yara sun yi tsawo, mota ta yi mana kaɗan: wacce za mu saya?

Abu Usman, Jidda

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga wannan hali. Mu shida ne a gida: ni da maiɗakina da yara huɗu. Babban shekararsa 17, ya kere ni tsawo, mai bi masa mace ce 'yar 15, sai namiji ɗan 13, sai auta. Corolla ce a hannuna tun suna ƙanana, kuma ta yi mana hidima, ba ni da abin faɗa a kanta. Juma'ar da ta wuce za mu je Makka gaida surukata a Rusaifa, sai 'yata ta ja mahaifiyarta gefe ta ce ita dai a bar ta a gida, ba za ta iya matsuwa tsakanin 'yan'uwanta maza ba. Maganar nan ta tsaya mini a rai har yau. Yarinya ta girma, kuma tana da gaskiya.

Ta hannu nake nema, mai kujera bakwai, wadda ba za ta cinye albashi a gidan mai ba. Kun san kuɗin iyali da Saudiyya ke karɓa a hannun baƙi riyal 400 ne kowane kai duk wata, ni mutum biyar nake biya wa, dubu biyu ke nan kafin a zo maganar haya. Abin da na tara bai wuce dubu 55 ba. Wanda ya taɓa riƙe irin wannan mota ya faɗa mini gaskiyar abin da ya gani, daɗi da wuya.

Direban Hanyar Hijira, Madina

Wa alaikumus salam Abu Usman. Allah ya raya su. Kafin ka je ko'ina, duba takardunka. Mai iƙama, wato baƙo mai takardar zama, ba a yi masa rajistar mota mai ɗaukar mutum bakwai ko fiye sai ya nuna yana da iyali mai yawa, daga mutum biyar zuwa sama. Kai ka cika sharaɗi, sai dai ka tabbata kowa yana ƙarƙashin sunanka kuma iƙamarsa da rai. Na san wanda ya ba da kafin alƙalami, aka zo canjin suna abu ya tsaya, saboda yaransa biyu suna Kano ba sa cikin lissafi.

Batun mota kuwa, ni Innova na riƙe shekara biyar, ƙirar 2017, mai injin 2.7 fulogi huɗu. Injin nan akwai shi a Hilux da Fortuner masu fetur, don haka babu ƙauyen da za ka tsaya tsakanin Makka da Madina a ce ba a san shi ba, kayansa kuma har a tashlih, inda ake kwance tsofaffin motoci, suna nan. Tana da hujin sanyi a rufi har layin ƙarshe. Ba zan ce maka ba ta shan mai ba, mota ce mai nauyi da tsayi. Idan na riƙe ta a 110 tankin yana jimawa, idan na bi masu 140 da ke gefen hagu sai ka ga allura tana sauka kana kallo. A cikin gari da mukayyaf, wato na'urar sanyi, a kunne kada ka sa ran za ta yi maka irin na Corolla, ko kusa.

Layin ƙarshe yana naɗewa gefe da gefe. Ku shida ne, sai ka naɗe ɓari ɗaya ka zuba jakunkuna, mutum ɗaya ya zauna a ɗayan. Haka muke yi idan za mu Umra.

Ummu Hanan, Makka

Ni na bi ɗaya hanyar, bari in faɗi yadda ta kaya. Bayan an buɗe wa mata tuƙi a 2018 na yi lasisi, don ni ke kai yara makaranta in ɗauko su. Muka sayi ɗaya daga cikin ƙananan nan masu kujera bakwai da injin 1.5. A cikin Makka wallahi na ji daɗinta: lungunan Shara Mansur da Hindawiyya ba kowace mota ke juyawa a cikinsu ba, ita kuwa ko'ina tana shiga, wurin ajiyewa ba ya ba ni wahala, mai kuma sai in manta yaushe na sha.

Inda abin ya ɓaci shi ne da yaran suka miƙe. Lokacin da muka saya babban yana aji shida, layin baya ya ishe shi har da wasa. Cikin shekara uku gwiwarsa ta koma tana tokare kujerar gaba. Sannan idan aka ɗaga layin nan na uku, but ɗin ya tafi ke nan, ko buhun shinkafa da katan ɗin ruwa sai an yi dabara. Ranar da muka hau hanyar Hada za mu Ɗa'ifa mu bakwai, Abu Hanan sai da ya kashe sanyi a wasu hawan don injin ya samu numfashi. Ta kai mu lafiya, amma na san ba aikinta ba ne.

Wanda 'ya'yansa ke firamare ya saya hankali kwance. Kai da kake da ɗan 17, Malam, ban ba ka shawara ba.

Ɗan Misfala

Kawu, ko an yi maka araha kada ka waiwayi manyan na Amurka masu fulogi takwas. A cikin irinsu muka tashi. Zamanin da litar fetur mai lamba 91 take halala 45 (halala ɗari ce riyal ɗaya), mahaifinmu kan cika tanki da kuɗin da bai kai riyal hamsin ba, mu goma a ciki har da kaka. A ƙarshen 2015 ta koma halala 75, a farkon 2018 ta kai riyal 1.37, yanzu tun 2021 tana 2.18, ja, wato mai lamba 95, kuma 2.33. Tanki ɗaya ya wuce riyal 200. Shi ya sa za ka gan su a Haraj, kasuwar kayan hannu, da farashi mai jan rai, masu su ne suka gaji. Faɗi kam babu kamarsu, amma tamu yanzu sai ranar biki ko tarbar baƙi a filin jirgi ake tayar da ita.

Bakanike a Sana'iyya, Jidda

Abu Usman, bari in fara da lissafi, don mutane da yawa tsoron shan mai yake sa su sayi abin da bai ishe su ba. A ce kana yin kilomita 2,000 a wata. Motar da ke ba ka kilomita 9 a lita za ta sha kusan lita 222, wato riyal 484 a kan 2.18. Wadda ke ba ka 13 za ta sha kusan lita 154, riyal 335. Tsakaninsu kusan riyal 150 ne a wata. Kuɗi ne, ban raina ba, amma gyaran giya sau ɗaya zai haɗiye tanadin shekara biyu ko fiye. Lafiyar motar ta fi alƙaluman shan manta muhimmanci a aljihunka.

Mu a Jidda babban abin tsoro ruwa ne. Bayan ambaliyar Nuwamba 2022 motoci da yawa sun kwana cikin ruwa, an busar, an wanke, an fesa turare, an fito da su kasuwa. Wata uku da suka wuce wani bawan Allah ya kawo mini wadda ya saya a hannun wani dillali, jiki kamar sabuwa. Na ɗaga kafet na ƙarƙashin kujerar direba sai ga busasshen laka, kusoshin kujera duk sun yi tsatsa, wayoyi sun yi kore a mahaɗarsu. Yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitila ta kama kanta. Irin wannan ba ta gyaruwa gaba ɗaya, sai dai a yi ta bi. Don haka ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka duba ko akwai shatin ruwa, ka leƙa ramin safaya, ka sunkuya da fitilar waya ƙarƙashin sitiyari. Idan ƙamshi ya yi yawa a cikin mota, ka tambayi kanka me ake rufewa.

Ka ciro rahoton Mojaz, mai ba da tarihin mota, da lambar shasi kafin ka ba da ko halala. Zai nuna maka hannu nawa ta bi, haɗurran da aka rubuta, da karatun mita na baya, a nan ake kama waɗanda suka mayar da mita baya. Masu kujera bakwai da yawa sun yi jigilar fasinja tsakanin Jidda da Makka, ka ga ƙirar shekara shida amma kujerun baya sun lotse, hannun ƙofa ya saki, alhali mita na cewa dubu tamanin. Kujera ba ta ƙarya.

Takardar fahas, wato gwajin mota na hukuma na shekara-shekara, kada ta ruɗe ka, ita birki da fitilu da hayaƙi da makamantansu take dubawa, ba za ta faɗa maka giya ta kusa mutuwa ba. Kai ta wurin bincike da kanka, wanda kai ka zaɓa, a sa mata kwamfuta a ɗaga ta sama. Mukayyaf kuma da azahar ake gwada shi, mota a tsaye, injin yana aiki minti ashirin, kana kallon allurar zafi. Taya tana da lamba huɗu a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. A zafin ƙasar nan tsohuwar taya ko zanenta bai cinye ba ka sa kuɗin sababbi a cikin ciniki.

Malamin Makaranta, Riyad

Ni haibirid nake hawa, mai haɗa fetur da batir, Camry, kuma a cunkoson Riyad ban ga abin da ya kai ta sauƙin mai ba. Sai dai mutum biyar take ɗauka, ba ta warware maka komai. Highlander haibirid mai kujera bakwai da ta shigo a 2020 ita ce daidai kai, amma na zaga kasuwannin mota na Ƙadisiyya da Shifa kwanan baya, kuɗinta ya yi wa dubu 55 nisa sosai.

Maman 'Yan Biyu, Jidda

Babu wanda ya ambaci Carnival. Tamu mai 3.3 ce fulogi shida, ta fi Innova sha a cikin gari, ban musa ba. Amma ƙofofinta na gefe turawa ake yi, mahaifiyata mai ciwon gwiwa tana shiga ba sai an ɗaga ta ba, layin ƙarshe kuma babba yana zama sosai, a bayansa ga rami mai zurfi na kaya. Mu bakwai muka je Madina da keken guragu da jakunkuna, babu abin da aka ɗora a cinya. Idan ka samu mai tarihin gyara a wakala, wato wakilin kamfanin, ka duba ta.

'Yar Jami'a, Makka

Baba, ku yi haƙuri in sa baki cikin maganar manya, don ni ce mai zaman kujerar ƙarshe a gidanmu shekara da shekaru. Duk wanda ya je sayen mota kujerar direba yake gwadawa, alhali shi kaɗai ne ba zai taɓa zama a baya ba. Ku tafi da babban da kuma ita 'yar taku. Su shiga, a rufe ƙofa, a zaga da su. Ta gwada shiga layin ƙarshe da abaya ta ga ko za ta iya ba tare da ta haura kan kowa ba. A duba ko sanyi yana isa can, don na sha isa Madina da ciwon kai saboda iska ba ta zuwa inda nake, na gaba kuwa suna cewa a rage. Kuma ku tambaye ta a gefe, ba a gaban mai mota ba, don a gabansa za ta ce ta yi ko ba ta yi ba.

Abu Usman, Jidda

Allah ya saka wa kowa da alheri. 'Yata ta Makka, Allah ya yi miki albarka, shawararki na bi. Jiya bayan la'asar na kwashe su duka muka je ganin motoci biyu. Ta farko Innova ce 2018, na ja bel na ga shati, na ɗaga kafet na ga abin da Malam bakanike ya kwatanta, muka yi sallama da mai ita. Ta biyu 2017 ce, hannu ɗaya a Mojaz, mita ta haura dubu ɗari da sittin kuma karatun baya ya yi daidai. Usman ya zauna a tsakiya ya miƙe ƙafa, ita kuma da kanta ta zaɓi layin ƙarshe ita da auta, da muka dawo gida ta faɗa wa mahaifiyarta can ya yi mata. Mai motar ya tsaya a dubu 57, na taya dubu 52, tayoyin na 2021 ne duk huɗu. Ya yarda mu kai ta bincike ranar Asabar da azahar. Malam bakanike, idan kana wurin aiki ranar, zan so ka sa mata ido kafin mu je canjin suna.