Tallafin gwamnati bayan kulle: da gaske yana hana mutane komawa aiki?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum. Har gobe ana wannan gardama a majalisu: wai kuɗin da gwamnatoci suka raba lokacin kullen korona sun sangarta mutane, aka buɗe gari suka ƙi fita nema. Masu faɗin haka da Amurka suke kafa hujja. Don Allah masana ku warware mana, me ya faru a can, kuma lissafin ya shafe mu a nan Zariya?

Malamin Kongo:
Wa alaikumus salam. A Maris 2020 Amurka ta ƙara wa duk mai karɓar kuɗin rashin aiki dala 600 a mako, a kan abin da jiharsa ke ba shi. Raba 600 da awa 40 na aikin mako, dala 15 ke nan a awa, alhali mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne. Shi ya sa masu ƙaramin albashi da yawa suka fi samu a zaune. Illar tana cikin sharaɗin: ranar da ka koma cikakken aiki, kuɗin ya tsaya. Ƙarin ya ƙare a ƙarshen Yuli 2020, daga baya ya dawo a dala 300. A tsakiyar 2021 kusan rabin jihohi suka yanke shi kafin wa'adinsa na Satumba, don mutane su koma aiki. Binciken da aka yi ya nuna an samu ƙarin masu komawa, amma kaɗan. Tsoron cutar da rashin mai kula da yara su ma sun riƙe mutane a gida.

Hajiyar Sabon Gari:
Malam ya yi bayani, amma wannan rigar ba a jikinmu aka auna ta ba. A 2020, tallafin gidajen da ke rajistar marasa galihu naira 5,000 ne a wata, kusan naira 167 a rana ga gida guda. Lokacin kulle aka haɗa na wata huɗu aka ba su 20,000. Wa zai rufe shago saboda wannan? Kuma ba a ce sai ka daina sana'a za a ba ka ba.

Abin da ya zaunar da mutanenmu karyewar jari ne. Jihar Kaduna ta yi kulle daga ƙarshen Maris har farkon Yuni 2020. Mai tireda ya cinye kayan tiredarsa, mai ɗinki ya sayar da keke. A Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take, abin ya fi muni, don yajin aikin malaman jami'a ya kai har Disamba, masu abinci da masu hoton takardu ba ɗaliban da za su sayar wa.

Akawun Tudun Wada:
Hajiya, akwai gyara kaɗan. Tsarin namu ma ya karkata, ta wata fuskar. Asusun tallafin gwamnatin tarayya na Survival Fund, mai naira biliyan 75, ya biya ma'aikatan ƙananan kamfanoni 30,000 zuwa 50,000 a wata har wata uku, amma sai kamfani na da rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni) da lambar banki ta BVN. Kafinta mai yara a shago ba rajista bai shiga nan ba, sai dai 30,000 sau ɗaya na masu sana'ar hannu, wanda ba ya tayar da jari. Shi kuma rancen Babban Banki ta hannun bankin NIRSAL, mutane da yawa sun ɗauke shi kyauta ce suka yi cefane, sai da aka fara cire kuɗi daga asusunsu suka gane bashi ne.

Ɗan Samaru:
To Malam, wane tsari ya fi?

Malamin Kongo:
Dubi na Ingila. Gwamnati ta biya kashi 80 cikin 100 na albashi, iyaka fam 2,500 a wata, ta hannun mai kamfanin, don haka ma'aikaci bai rabu da gurbinsa ba. Daga Yuli 2020 aka yarda ya yi aikin wasu kwanaki, gwamnati ta tallafa a sauran. A nan inda yawancinmu ba mu da takardar albashi, abu biyu za a kiyaye: a sa wa tallafin ranar ƙarewa tun farko ba tare da sharaɗin zama ba, sannan kuɗin jari ya iso a dunƙule satin da aka buɗe kasuwa. In ya riga buɗewa da wata guda, tukunya zai shiga.