Wace feda kuke fara sakawa bayan jitar bes?

Mai bes daga Kafanchan:
Salama, 'yan'uwa. Ina so kowa ya faɗi abin da ya gwada da hannunsa. Shekara 4 ina kaɗa bes a cocinmu da Zoom B1 Four, na'ura ɗaya wadda ke jera kalolin sauti har 5 a cikinta, ban taɓa damuwa da wanne ke gaba ba. Bana na tara kuɗi na sayi fedoji ɗai-ɗai, wato ƙananan na'urorin sauya sauti da ake takawa da ƙafa. Na jera su haka: tiyuna (mai saita tsirkiya), kwamfuresa (mai daidaita ƙarfin sauti), faz (mai kausasa sauti), okteba (mai ƙara murya ta ƙasa), koros (mai sa sauti ya ji kamar jita da yawa), sai akwatin DI (mai kai sauti zuwa miksa). Ranar Lahadi na taka faz da okteba tare, sai sautin ya riƙa tsalle, ya hau ya sauka shi kaɗai, nauyin waƙar kuma ya ɓace har mai ganguna ya juyo yana dubana. Abin ya dame ni ƙwarai, domin jama'a na tsakiyar waƙa. Ina na kuskure?

Tsohon makaɗi a Jos:
Ƙanena, fedojinka lafiya lau suke. Matsar da okteba gaban faz, ka ga aiki.

Ga dalili. Okteba sauraron tsirkiyarka take yi, ta gane muryar da ka kaɗa, sannan ta haifo wata wadda karkarwarta rabin ta farko ce. Faz kuwa aikinsa ya cika sautin da ƙananan muryoyi a sama. In ka ba okteba abin da faz ya riga ya dagula, ba ta san wacce za ta bi ba, shi ne tsallen da ka ji. Ni Boss OC-2 nake riƙe da ita, irin wadda ta fito a 1982, kuma murya ɗaya take bi a lokaci guda. Ko tsirkiya biyu suka yi ƙara tare sai ta rikice, balle an sa mata faz a gaba. Na fi shekara 20 da ita, kuma abin da ta koya mini shi ne in danne tsirkiyoyin da ba na kaɗawa, in rage kaifin sauti a jikin jitar, in kaɗa kusa da wuyan jitar.

Sannan ka daina taka ta a can ƙasa. Tsirkiyar E, wadda ta fi kauri a bes mai tsirkiya 4, in ba a danne ta ba tana karkarwa wajen sau 41 a daƙiƙa. Rabin wannan 20 ke nan da ɗan kai, iyakar abin da kunnen mutum ke ji, kuma yawancin sifikun da muke da su ba sa fitar da shi, wahala kawai suke sha. Daga gaɓa ta 5 ta wuyan jitar zuwa sama nake amfani da ita, can take da daɗi.

Ɗan Yamai mai kiɗan biki:
Baba ya gama magana a kan okteba. Ni inda na sha wuya kwamfuresa ce. Ina da filta irin mai buɗe baki gwargwadon ƙarfin yatsa, jikar Mu-Tron III ta 1972 da mai bes ɗin Amurka Bootsy Collins ya yi suna da ita. Wata 6 ina sa kwamfuresa a gabanta, ina mamakin me ya sa ko na fizgi tsirkiya da ƙarfi ko na shafa ta, amsa ɗaya nake samu. Ashe kwamfuresa ta riga ta daidaita ƙarfin kafin ya iso, filta ba ta da abin da za ta bi. Da na mayar da kwamfuresa bayanta sai ta farfaɗo, kuma na samu riba ta biyu: ƙarar da filta ke yi in ta buɗe gaba ɗaya, wadda ke sa mai miksa ya zabura, kwamfuresa na kama ta. A wajen biki muna kaɗawa awa 3 ko 4 a fili, ga jita biyu suna kaɗawa a saman bes ɗina, in bes ya yi tsalle sau ɗaya kowa ya ji.

Jerina yanzu: tiyuna, okteba, filta, kwamfuresa, diraif (ɗan'uwan faz mara tsanani), DI.

Mai bes a ƙungiyar mata, Kaduna:
Yaya na Yamai, ni tawa kwamfuresa tana gaba, kuma ba zan matsar da ita ba. Ba ni da filta. Jitata mai batir ce, tsirkiya 5, ina yawan mari da babban yatsa, kuma na lura okteba ta fi bin sawuna in kwamfuresa ta ɗan lallashe sautin tukuna. Kaɗan nake murɗa ta. Wanda ke da filta ya bi taka, wanda ba shi da ita ya gwada tawa.

Ɗan Yamai mai kiɗan biki:
Gaskiyarki, Yaya. Da mari da jita mai batir, na yarda.

Mai haɗa sauti, Zongon Kumasi:
Ni ba makaɗi ba ne, ni ne wanda ke zaune bayan miksa ina karɓar abin da kuka aiko, don haka bari in faɗi abin da ke iso mini.

Na farko, in kun sa kwamfuresa bayan faz, ku sani duk shuuu ɗin da faz ke yi ita ma za ta ɗaga shi da zarar kun tsaya. A lokacin addu'a ko jawabi, ɗakin ya yi tsit, wannan ƙarar kaɗai ake ji, kuma ni ake harara. In dole ne, ku taka tiyuna ta kashe sauti. Amma sai tana bayan faz za ta iya kashe shuuu ɗinsa gaba ɗaya.

Na biyu, DI ya zama na ƙarshe in kuna so jama'a su ji abin da kuke takawa. Sau da yawa makaɗi ya sa DI a gaba, yana jin koros da faz a amfilifayarsa yana jin daɗi, ni kuwa busasshen bes ne ke zuwa mini. Wani lokaci hakan nake so, musamman a ɗaki mai amsa-kuwwa, amma a faɗa mini tun kafin a fara.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni ciwon kai, kuma jeri ba ya maganinsa. Gurnanin wutar lantarki ne: wutarmu, Gana da Najeriya da Nijar duka, sau 50 take bugawa a daƙiƙa, tsakanin muryoyin G da A na tsirkiyar E ke nan, wato gurnaninta a cikin gidan bes yake zaune. Ba zan iya yanke shi a miksa ba tare da na yanke ku ba. In an koma janareta abin ya ƙaru. Ku daina ɗaura fedoji 6 a kan adafta ɗaya da waya mai rassa, musamman in akwai ta dijital a ciki. Ku nemi abin ba da wuta mai raba kowace kafa daban. In gurnanin ya ƙi tafiya, ku taɓa maɓallin giraun, mai cire haɗin wayar ƙasa, da ke jikin DI. Kuma ku duba adafta kafin ku soka: fedojin Boss bolt 9 suke ci, tsakiyar fulogin negatib. Na ga yaro ya ari adaftar piyano ya soka, hayaƙi ya tashi, fedar da ya yi wata 5 yana tara kuɗinta ta tafi. Har yau ina jin zafin abin.

Tsohon makaɗi a Jos:
Na manta da rabin tambayarka, ƙanena, batun nauyin da ya ɓace. Faz da yawa don jita aka yi su, suna zubar da ƙasan sauti. Ka duba ko naka na da wurin gauraya sautin asali. Faz ɗin nan Bass Big Muff na da shi. In babu, Boss LS-2 na raba hanya biyu, ɗaya ta bi ta faz, ɗaya ta wuce da tsabtarta, su haɗu a gaba. Ni sautin asali nake ba kaso mafi yawa, faz ya zauna a samansa. Koros ma haka, ka bar shi can baya kusa da DI, kada ya taɓa ƙasa. Koros ɗin Boss CEB-3 na da maɓallin da ke yin wannan.

Mai bes daga Kafanchan:
Na gode, Baba, na gode kowa. Jiya bayan an tashi daga gwajin waƙa na zauna da mai gangunanmu muka gwada. Okteba a gaban faz, tsallen ya tafi. Faz ɗina ba shi da wurin gaurayawa, don haka na rage shi sosai kafin in samu LS-2. Kwamfuresa na gwada ta gaba da baya wajen sau 10, na bar ta gaba kamar yadda Yaya ta Kaduna ta ce, tunda ni ma ba ni da filta. Gurnani dai yana nan in an tada janareta, duk fedojina a kan adafta ɗaya suke.

Mai haɗa sauti, Zongon Kumasi:
Kafin ka kashe kuɗi, ka cire su daga adaftar ka sa wa kowacce batir, ka tada janaretan ka saurara. In gurnanin ya tafi, adaftar ce. In yana nan, ka zo mu duba wayar da ke tsakanin DI da miksa.