Dan Allah ku taimaka, fuskar maigidana ta kumbura saboda haƙori

Slm 'yan uwa, admin dan Allah a ɓoye sunana. Maigidana ne ke fama da haƙori, na can ciki ta ƙasa ɓangaren hagu, ya yi kogo tun azumin bara amma shi da asibiti sai dai a ɗauke shi ranga-ranga, duk sanda ya motsa sai ya tura kanumfari a ramin ko ya aiki yaro kemis. To wannan karon tun Laraba ya tashi, mai kemis ya haɗa masa Amoxil da Flagyl ya ɗan lafa, jiya kuma wani abokinsa ya ce ya daka asfirin ya cusa a wajen, wlh yau da safe dasashin ya yi fari fat kamar an ɗana masa wuta. Yanzu kumburin ya sauko har ƙasan haɓa, jiki zafi rau, bakin ba ya buɗuwa ko cokali da ƙyar yake shiga, yawu ma ya kasa haɗiya sai tofarwa yake a roba. Kuma yana da suga. Shi ya ce a bari sai Litinin tunda yau Juma'a kuma tara ta wuce, wai ai ba a cire haƙori da kumburi. A Kano muke. Me zan ba shi ya samu bacci?

Maman 'yan biyu: Ayya sannu, Allah ya ba shi lfy. Ki sa rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi ya dinga kuskurewa, ni shi ke taimaka min.

Wata 'yar uwa: Tsutsa ce ke cinsa. Ki gasa masa wajen da tsumma mai zafi, gobe a nemo masu turaren nan da ke fito da ita, a gaban idonki za ki ga suna faɗowa a ruwa

Ma'aikaciyar jinya: 'Yar uwa dan girman Allah ki ajiye wayar nan ki ɗauko mayafi. Kar ki gasa, zafi ƙara yaɗa kumburin yake yi, kuma babu wata tsutsa, ƙwayoyin cuta ne suka ci haƙorin har jijiya suka tara mugunya a saiwa. Da a kumatu kaɗai ya tsaya da zan ce ya sha parasitamol ya jira safiya. Amma kin lissafo abu huɗu da ba ma wasa da su: kumburi a ƙasan haɓa, baki ya ƙi buɗuwa, ba ya haɗiyar yawu, ga zazzaɓi. Haƙoran ciki na ƙasa saiwarsu tana kusa da ƙarƙashin harshe, in mugunyar ta fasa ta nan sai ta tura harshen sama da baya ya toshe hanyar numfashi, likitoci na ce masa Ludwig's angina, cikin awanni mutum kan shaƙe. Ga shi mai suga, jikinsa ba ya yaƙi da cuta kamar na kowa kuma ciwon kansa hawar da sugan yake. Ba sai kin jira ɓangaren haƙori sun buɗe ba, sashen gaggawa za ku je, na Malam Aminu Kano ko Murtala duk wanda ya fi muku kusa, ba sa rufewa. A mota ya zauna kar ya kwanta rigingine, kar ki matsa masa da abinci ko shayi, ki kwashi duk kwalayen maganin da ya sha har na sugan ki tafi da su.

Mai tambaya: Innalillahi. Anti to ya ƙi, wai kuɗi za a kashe a banza ƙarshe a ce ya dawo in ya sace

Ma'aikaciyar jinya: Ki kira yayansa ko wani babba da yake jin nauyi. Zancen sai ya sace ɗin nan shi ke kai mutane kwanciya, likita ne zai duba ya ga ko tsagawa za a yi a fitar da mugunyar ko cirewa, ga allurai ta jijiya. Amoxil ɗin kemis ba ya raba shi da ciwon matuƙar ruɓaɓɓen haƙorin na nan zaune. Asfirin kuwa haɗiya ake yi, in aka ɗora a dasashi ƙona shi yake, farin da kika gani kenan.

Hajiya babba: 'Yata ki ji maganarta. Ƙanina haka ya yi ta jan ƙafa, har ruwan batir wani ya ɗiga masa a kogon, ranar da muka kai shi muryarsa ta canja kamar mai dankali da zafi a baki, wuyan nan ya yi tauri kamar icce. Sai da aka shiga da shi tiyata aka sa masa robobi a ƙasan haɓa, ya fi sati a gado. Kuɗin cire haƙori ɗaya yake gudu, abin da muka kashe kuwa sai da aka sayar da babur ɗinsa.

Amaryar bana: Ku yi haƙuri na shigo da tawa, ɗan yayata ya faɗi a ƙwallo haƙorin gaba ya fita ɗungurungum muka yar, wai da gaske ana mayarwa?

Ma'aikaciyar jinya: In na girma ne ana mayarwa, amma da sauri, cikin awa ɗaya ya fi kamawa. A riƙe shi ta kai kar a taɓa saiwar, kar a goge kar a naɗe a tishu, a jefa a madara a ruga wajen likitan haƙori. Na yarinta wanda dama zai famfare ba a mayar da shi. Ku kai shi dai a duba sauran.

Maman 'yan biyu: Ni na janye gishirina wlh, ban karanta har wajen yawun ba. Ku tafi kawai

Mai tambaya: Yayansa ya zo da mota, da ya ga wuyan ko zama bai yi ba. Mun iso, sun sa masa ruwa da allurai, sugan ya hau sosai, an kira likitan da ke aikin muƙamuƙi yana hanya. Cajina saura kaɗan, ku sa mu a addu'a