Shin tumbi da hawan suga ne ke hana ciwon ƙuguna warkewa?

Direban Tebur ya rubuta:

Assalamu alaikum. Shekaruna 47, aikina na zama ne, kuma yau wata takwas ke nan ciwon ƙugu bai sake ni ba. Da na je asibiti ina sa ran za a ɗauki hoton bayan, sai likita ya auna faɗin cikina ya samu santimita 108, ya kuma tura ni gwajin jini, inda suga kafin karin kumallo ya nuna 112, hawan jini kuma 140 a kan 90. Ya ce duk tafiyarsu ɗaya da ciwon. Na yarda nauyi yana danne ƙashi, amma me ya haɗa suga da baya? Ko dai an rasa dalilin ciwon ne aka ɗora wa tumbi laifi?

Uwar Biyu ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Likitanka bai yi kame-kame ba. Faifan guringuntsi da ke tsakanin ƙasusuwan baya kusan ba shi da jijiyoyin jini a cikinsa, abincinsa da iskarsa suna tsatsowa ne a hankali daga ƙananan jijiyoyin da ke bakin ƙashi, don haka duk abin da ya ƙuntata waɗannan jijiyoyi, ko maiƙo ne a jini, ko hawan jini, ko taba, faifan ne zai kwana da yunwa. Suga kuma idan ya daɗe da yawa a jini yana manne wa zaren da ke riƙe faifan, sai ya sandare ya rasa taushinsa.

Sannan kitsen ciki ba ajiya ba ce da ke kwance kurum. Yana fitar da sinadarai, irin su leptin da IL-6, masu haddasa kumburi na ƙasa-ƙasa a ko'ina cikin jiki. Abin da ya gamsar da ni tun ina makaranta shi ne, masu ƙiba sun fi samun amosanin gaɓɓai har a yatsun hannu, alhali ba wanda ke tafiya a kan yatsunsa. Alƙaluman da ka kawo, wato faɗin ciki sama da santimita 102 ga namiji, suga daga 100 zuwa sama, da jini daga 130 a kan 85, sun cika uku daga cikin sharuɗɗa biyar da likitoci ke dubawa kafin su ce tsarin sarrafa abinci na jiki ya rikice.

Mai Shakka ya amsa:

Hajiya, ban musa bayaninki ba, amma kada mu zarce gona da iri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma kusan kashi 90 cikin 100 ba a gano masa takamaiman dalili. A cikinsu akwai sirara da yawa. Dangantakar ma ta kowane ɓangare take tafiya, domin wanda baya ke damunsa yakan rage motsi, barcinsa ya lalace, nauyi ya ƙaru, ciwon kuma ya daɗa samun wurin zama. Hujjar cewa rage ƙiba ita kaɗai tana kawar da ciwon baya ba ta kai ƙarfin da ake zato ba.

Uwar Biyu ta sake amsawa:

Gaskiyarka, Malam, shi ya sa ban ce ya jira sai tumbi ya tafi ba. Motsa jiki yana rage ciwon tun kafin sikeli ya nuna wani canji, kuma yana cikin shawarwarin da ke cikin ƙa'idojin da hukumar ta fitar a Disamban 2023, waɗanda suka hana dogaro da ɗamarar baya da magunguna dangin tramadol. Ga mai tambaya ribar biyu ce: babban binciken rigakafin ciwon suga da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa shirin rage kusan kashi 7 cikin 100 na nauyi, tare da motsi na minti 150 a mako, ya rage kamuwa da cutar da kashi 58 cikin 100.

Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai, Malam Direba: ibuprofen da diclofenac suna iya ɗaga hawan jini su kuma taɓa ƙoda idan aka daɗe ana sha, saboda haka kada ka mayar da su abin kullum ba da sanin likita ba. Idan kuwa ƙafa ta fara rauni, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari ya riƙe ko ya kuɓuce maka, a ranar za ka koma asibiti.

Direban Tebur ya amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Diclofenac ɗin ma kusan kullum nake sha, kuma ban taɓa faɗa wa likitan ba. Ranar Litinin da shi zan fara magana.