Guguwa na tafe, ina za a kai kare da kyanwa?

Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba ne lokacin mahaukaciyar guguwa a gaɓar Tekun Atlantika. Wasu masu dabbobi a Amurka da suka tattauna yadda za a yi da su idan guguwa ta zo sun fi nanata abu guda: kada ka tsere ka bar dabba ɗaure a gida. Guguwar Katrina ta 2005 ta hallaka dabbobi da yawa, shi ya sa aka kafa doka a 2006 cewa shirin kwashe jama'a ya haɗa da su.

Sai guzuri: abinci, ruwa, magani, da takardar rigakafi cikin leda kar ta jiƙe.

Shawarar da ta fi kama hankalina: a saba wa kyanwa da kejinta tun yanzu. Iska na tasowa, ƙarƙashin gado kyanwar za ta shige, fito da ita kuwa sai an sha wuya.